Lungun da Ragata ta Haɗiye

Asabar: Kaduna zuwa Legas

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga gida a Tudun Wada, jaka ɗaya a kafaɗata, kwamfutata a rungume. Maigidana Sani ne ya kai ni tasha. Da ya tsayar da mota ya juyo ya dube ni.

"Balaraba, ogan naki fa ya ce kada ki je."

"Na ji shi. Hutuna na ɗauka, ba motarsa ba."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya tsare hanya, ya kuma sassauta mini baki. Na yi sallah a masallacin tasha, bas ta tashi ƙarfe shida daidai. Jirgi ya kamata in hau, amma tunda ba ofis ne ya aike ni ba, aljihuna ya zaɓa mini hanyar ƙasa.

Tsakanin Kaduna da Legas akwai kilomita ɗari takwas da ɗoriya, saboda haka ina da lokacin da zan faɗa muku abin da ya tayar da ni. Ni injiniya ce a wani ƙaramin kamfani, aikina lissafin ambaliya a kwamfuta. Wani kamfani a Accra, wadda Hausawan Ghana, mutanen Zango, suke kira Ankara, ya ba mu aikin gano inda ruwan sama yake bi a unguwar Nima kafin ya faɗa babbar kwatar da ke tsakaninta da unguwar Maamobi.

Kwamfuta ba ta san ƙasa ba. Kafin ta yi lissafi sai an shimfiɗa wa taswirar unguwa raga: a dasa ƙulli-ƙulli, a haɗa su da zare, kowane idon raga ya fito da kusurwa uku. A cikin kowane ido take lissafa zurfin ruwa da gudunsa. Nima ba ta da jeri, don haka ragarta ma ba ta da jeri, idanu ne manya da ƙanana birjik. Ragar asali da aka aiko mana ta yi yawan da ruwan sama na awa ɗaya yake cin kwana uku ana lissafinsa. Aka ce in rage ta.

Ga yadda ake ragewa. A nemi zaren da ya fi gajarta, a jawo ƙullinsa biyu su zama ɗaya, idanu biyu sun ɓace ke nan. Sai a duba maƙwabtansu. In wani ya tsuke ya zama siriri kamar tsinken tsire, a fasa, a koma kan wani zaren, domin siririn ido yana iya rikita lissafi. Shi ya sa yarjejeniyarmu ta ce kada wata kusurwa ta gaza digiri talatin. Da hannuna na rubuta manhajar. Na kulle zarurrukan da ke bin tituna da babbar kwata don kada a taɓa su, na kuma gaya mata cewa duk tsagar da ba ta kai mita biyu ba, ba hanya ba ce. Lissafin kwana uku ya koma awa biyu. Ragar ta yi kyau har na sa hotonta a fuskar wayata, ina nuna wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Taswirar da ta fito daga wannan raga ta nuna ruwa yana ratsawa ta tsakiyar gidaje bakwai. Aka shafa musu jan fenti, aka ce za a rushe su a yi magudana. Kwana goma kafin tafiyata wani dattijo ya kira ni daga Nima, da Hausarsa ta Zango.

"Ke ne Balaraba da sunansa ke ƙasan taswira? Ni Issaka. Ni na auna Nima da tef, lungu-lungu. Ina kin kai lungun Mma Memuna?"

Na buɗe kwamfuta yana kan layi. Lungun yana nan a ragar asali. A tawa babu shi. Da na kai wa oga maganar sai ya ce lambobinmu sun cika sharaɗi, sa hannuna kawai ya rage. Na ce ba zan sa ba sai na je na gani.

Mun tsaya Lokoja ƙarfe goma sha biyu saura, na ci soyayyen kifi da doya. Shingayen bincike kuwa na ƙirga goma sha ɗaya, na gaji na bari. Bayan isha muka shiga Legas, na kwana a Agege wajen 'yar ƙanwar mahaifiyata.

Lahadi: Legas zuwa Accra

Ƙarfe shida da rabi na shiga ƙaramar mota mai zuwa iyakar Seme. Kuɗin motar ya ninka abin da aka gaya mini a Kaduna. Da na yi magana direban ya ce in ina da mota mai shan ruwa in kawo ya tuƙa. Mun isa Seme ƙarfe tara. Aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, wani jami'i ya ce in kunna kwamfuta. Ragar ce ta fara bayyana.

"Wannan mene ne?"

"Unguwa ce."

Ya ƙura mata ido. "To ina gidajen?"

Na ce masa suna ciki, ba a ganinsu ne kawai. Ya ɗaga kafaɗa ya buga hatimi.

Muka ratsa Kwatano cikin tururuwar babura, muka bi gefen teku har iyakar Togo. A nan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin da na ɗauka kyauta ce daga Allah ga matafiyi. Togo ta nan wajen ba ta da faɗi, kafin ruwan gorata ya ƙare mun wuce Lome. A Aflao da ƙafa ake tsallakawa. Wani ɗan canji mutumin Maraɗi ya ji ina waya da Hausa, ya ce, "Hajiya, daga gida?" Ya canza mini sidi, kuɗin Ghana, ya kuma nuna mini motar da ba ta tsaye-tsaye.

Daga Aflao zuwa Accra kilomita ɗari da casa'in ne. Mun tashi ƙarfe biyu da rabi na agogon Ghana. A Sogakope, inda gada ta haye kogin Volta, mata suka yanyame motar da burodi mai ɗumi, na sayi biyu don tsaraba. Muka sauka a tashar Tudu ana shirin magariba, na ɗauki tasi zuwa Nima.

Baba Issaka yana jirana a bakin babban titi. Dogo ne, siriri, da farin gemu da fensir maƙale a kunne. Shekara talatin ya yi yana aikin safiyo kafin ya yi ritaya.

"Injiniya, sannu da hanya. Kin wahala paa, sosai. Zo mu je, a gidan Mma Memuna za ki sauka."

"Gidan da na sa aka shafa wa fenti, Baba?"

"Shi kraa," in ji shi, wato shi ɗin dai.

Mma Memuna tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Mai sayar da waakye ce, shinkafa da wake irin tasu ta Ghana. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan ne yarinyan? Na zaci babba ne." A Hausar Zango mace da namiji duk ɗaya ake kiransu, kwana ɗaya kunnena ya saba. "Zauna, 'yata. Ki ci abinci tukuna, faɗa na nan bai tafi ko'ina ba."

Litinin: Lungun

Da safe bayan koko da ƙosai ta kai ni ƙofar gida. Ga jan gicciye nan a bango, tsayinsa ya kai nawa, fentin ya zubo ƙasa-ƙasa. Mutum talatin da wani abu ne a gidan: 'ya'ya, jikoki, 'yan haya, da wasu mata 'yan dako daga arewacin Ghana da suke kwana a ɗaki ɗaya. An ba su zuwa Litinin ta sama.

"Kakana ya gina gidan nan," in ji Mma. "Nan aka haife ni, nan na haifi takwas. Ruwa bai taɓa shiga ɗakina ba sai a cikin kwamfuta naki. Ba inda zan je. Su zo da katafila, su same ni ina dafa waakye."

Na sake duban gicciyen. Shekara biyu nake alfahari da manhajar nan, ga abin da ta haifa a bangon mutane.

Baba ya zaro tef muka shiga lungun. Yana bayan gidan, ya gangara kamar mita saba'in zuwa babbar kwata. Ya ba ni bakin tef ya ce in karanta da kaina. Santimita casa'in. Rufin kwanon gidajen hagu da dama sun kusa haɗuwa a sama. Ƙasan kuwa katako ne aka jera, mata sun ɗora buhunan gawayi, da baho, da murhu, wata ma da teburin sayar da sabulu. Wanda ya leƙo da rani zai rantse ɗakin ajiya ne.

Nan na gane abin da na yi. Zarurrukan da suka tsallaka lungun daga bango zuwa bango su ne mafi gajarta a duk unguwar, idanun cikinsa kuma su ne mafi siranta. Su manhajata ta fara kamawa. Ta jawo bangon hagu ta manna da na dama, ta cike wurin da kyawawan idanu masu kusurwa daidai. Ruwan cikin kwamfuta ya gangaro bai ga hanya ba, ya taru, ya fasa ta gidan Mma da shida na ƙasansa. Ni kuma da na zo gwada sabuwar raga da ta asali, a babbar kwata kaɗai na gwada, na ga zurfi ya zo ɗaya na tafi shan shayi.

Baba ya ɗaga katako ɗaya da ƙafa. A ƙasa akwai magudanar siminti mai zurfin gwiwa.

"Iyayenmu mata suka haƙa. Kowane gida yana da katako nasa. In hadari ya taso za ki gani."

Allah da ikonsa, ranar na gani. Wajen ƙarfe uku gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa kwanuka. Mma ta ajiye cokalin miya, ta ɗauki tasa da ludayi ta hau bugawa. Daga can ƙasa wata tasa ta amsa, wata ta sake amsawa. Mata suka fito da gudu, ana janye buhuna, ana kiran sunaye.

"Ku ɗaga! Na ƙasa tukuna! Ayishetu, katako naka!"

Daga ƙasa ake farawa, gida bayan gida, kowa ya ɗaga nasa ya jingina da bango. Gidan da ya makara, in ji Mma, sai ya yi mako ana yi masa gori a famfo. Kafin ɗigon farko ya sauka ɗakin ajiya ya zama magudana. Ruwan lunguna uku na sama ya haɗu ya shigo da ƙarfi, ja-ja-wur, yana tafe da leda da bola. Na tsaya a ƙarƙashin rufi ina ɗaukar bidiyo, zanena ya jiƙe sharkaf, ko a jikina. Tsakar gidan Mma ruwan rufinsa kawai ya gani. A can ƙarshen lungun ne na lura ruwan yana tsayawa yana kumfa, yana hawa bango kafin ya fita. Na nuna wa Baba, ya ce in shigo kada sanyi ya kama ni.

Talata: Ɗakin Baba

Ɗakin Baba yana bakin lungun ta ƙasa, dab da babbar kwata. Gado ne da tebur, da na'urar awo mai ƙafa uku a jingine, da littattafan awonsa jere a kan katako. Tunda ya yi ritaya ya gina shi a kason da ya samu na gidan gado. A nan na kafa kwamfuta ƙarfe takwas na safe, saboda yana da fanka da soket mai aiki.

Na goge dokar mita biyu. A madadinta na buɗe ragar asali na ce Baba ya nuna mini duk tsagar da ruwa yake bi. Ya ciro fensir daga kunne ya nuna huɗu ban da na Mma, kowace da sunan matar da take buga tasa a cikinta. Na kulle bangayensu hagu da dama. Na hana manhaja haɗa ƙulli biyu ta faɗin lungu, sai ta tsawonsa. Na yarje mata ta bar dogayen idanu sirara a ciki, muddin sun kwanta ta inda ruwa yake tafiya, domin siririn idon da ya bi ruwa ba ya cutar da lissafi, wanda ya gitta masa ne matsala. Daga bakin kowane lungu kuma na sa girman idanu ya riƙa ƙaruwa sannu-sannu, kada ƙarami ya yi maƙwabtaka da ƙato. Ragar da ta fito ba ta kai ta farko kyau ba, kamar rigar da aka yi wa faci biyar.

Na saki lissafin da ruwan sama mai ƙarfi, wanda ya ninka na jiya. Ya ɗauki awa biyu da rabi. Muka yi azahar, jikarsa ta kawo mana tuwo da miyar ayoyo. Ƙarfe biyu da kwata taswira ta fito.

Shuɗin ruwa ya bi lungun tiryan-tiryan. Gidaje bakwai ɗin nan fari tas, sai ɗan abin da bai kai idon sawu ba a tsakar gida biyu. Na yi kabbara har jikar ta leƙo. Amma a bakin lungun shuɗin ya yi duhu, ya kumbura, ya koma baya ya shiga gidaje biyu na ƙarshe. Na duba awon wurin. Santimita arba'in. Kusurwar wani gini ta cinye rabin mita na hanyar ruwa.

"Baba, wane gini ne wannan?"

Ya miƙa hannu ya bubbuga bangon da na jingina da shi.

Na daɗe ina kallon allon. Mutumin nan shi ya kira ni, shi ya tarbe ni, tuwonsa ne a cikina. Na juyo gare shi.

"Baba, ƙulli ɗaya ne fa. In na sake shi, manhaja za ta daidaita bakin lungun da kanta. Gidaje bakwai sun tsira, ɗakinka ya tsira, ba wanda zai taɓa dubawa."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Kin taso tun Nigeria don ki cire ƙarya ɗaya ki saka wani? Arba'in na auna, arba'in za ki rubuta."

"Ka san da wannan lokacin da ka kira ni?"

"Ni na riƙe tef, 'yata. Shekara goma sha ɗaya ina jin ruwa yana dukan bangon nan. Na gina ba daidai ba, na sani. Amma ba Memuna ne zai biya ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na zo da bakina cike da gaskiya, kwana biyu kacal na nemi in sayar da ita saboda tuwo da kirki. Na bar ƙullin a kulle.

Laraba: Ofishin Mista Tetteh

Ƙarfe takwas da rabi ni da Baba muka hau trotro, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, zuwa ofishin kamfanin da ya ba mu aikin. Tafiyar kilomita shida ta ci mana minti hamsin. Mista Tetteh shi ne babban injiniyan aikin, mutum mai fara'a da farar riga. Da Turanci muka yi magana. Ya ba mu shayi, ya kalli bidiyon ruwan har ƙarshe, ya ce abin sha'awa ne. Sannan ya buɗe rahotona, bai tsaya a taswira ba, ya wuce kai tsaye zuwa jadawalin kusurwoyi.

"Mafi ƙanƙanta digiri goma sha ɗaya. Yarjejeniya ta ce talatin. Ragarki ta farko ta cika sharaɗi, wannan ba ta cika ba."

"Ta farko ta cika sharaɗi ne saboda ta toshe hanyar ruwa. Duk idanun da suka gaza talatin suna cikin lunguna biyar, kuma a kwance suke ta inda ruwa yake bi. Ga su nan na yi musu alama."

"Kamfaninku ya riga ya amince da taswirar farko."

"Kamfani ya amince. Sa hannun da zai hau kanta nawa ne, kuma ba zan sa ba."

Ya ce in yi tunani, akwai injiniyoyi da yawa masu hannu da alƙalami. Na ce haka ne, amma duk wanda za a kawo zan aika masa da bidiyon nan da awon Baba, ya sa hannu yana sane. Fara'ar ta ɗan ragu.

"Me kike so in yi?"

"Ragar asali tana cikin babbar kwamfutarku, ba wanda ya rage mata ko zare ɗaya. Ku saki lissafin a kanta. Kwana uku ne. Ku duba zurfin ruwa a ƙofar Mma Memuna, ba a babbar kwata ba. In ta goyi bayan taswirar farko, zan sa hannu, in kuma rubuta takardar ban haƙuri."

Ya ce kwamfutar tana da wasu ayyuka a layi, katafila kuma an riga an yi mata rana. A nan Baba ya ajiye littafin awonsa a kan tebur, ya buɗe shafin bakin lungu, ya ɗora yatsa a kan arba'in.

"Oga, wannan ɗaki na ne. Sabon taswira ya ce shi ne matsala. Ku cire bakwai, ku sa nawa."

Mista Tetteh ya dubi shafin, ya dubi Baba. Sun yi aiki tare wata huɗu a kan awon Nima. Ya daɗe yana juya alƙalami, sannan ya ɗaga waya ya ce a dakatar da abin da ke kan babbar kwamfuta. Ya ce zai rubuta a jinkirta rusau har sakamako ya fito, amma bai yi mana alkawarin komai ba. Na ce ban zo neman alkawari ba.

Muna cikin trotro a hanyar komawa oga ya kira daga Kaduna. Labari ya riga mu isa. Ya ce na zubar wa kamfani mutunci a ƙasar waje, an dakatar da ni sai abin da hali ya yi. Na ce to, a ajiye mini takardar, in na dawo zan zo in karɓa da hannuna. Na kashe wayar. Ina da 'ya'ya uku a makaranta.

Mma ta ji yadda aka yi, ta zuba mini waakye har da ƙwai biyu da taliya.

"Yanzu faɗanmu ya ƙare rabi," in ji ta. "Sauran rabi sai fenti ya fita."

Alhamis da Juma'a: Komawa

Na bar Nima ƙarfe biyar da rabi na asubar Alhamis. Baba ya raka ni bakin titi ya tsayar mini da tasi. Na ce ya jira sakamako kafin ya yi wani abu, ya ce in kula da jakata a Aflao. Hanyar da na bi na sake bi: Sogakope ƙarfe tara, Aflao sha ɗaya, awar da Togo ta ba ni kyauta Benin ta karɓe abarta. Na kwana Agege, Juma'a na kama bas ta shida, na iso Kaduna bayan isha da kumburarrun ƙafafu. Sani ya karɓi jakar, ya ce takardar dakatarwa ta riga ni zuwa gida, an kawo ta da babur.

Asabar: Gida

Da la'asar saƙon Mista Tetteh ya shigo, layi biyu. Ragar asali ta bi lungu. An cire gidaje bakwai daga jerin rusau, an sa ɗaki ɗaya.

Ina cikin karantawa karo na uku Baba ya kira. Bayansa ina jin ƙarar shebur da muryoyin maza.

"Injiniya, kin isa lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ka ji sakamako? Zan rubuta musu su ba ka lokaci, ko wata biyu ne, ka samu inda..."

"Wane lokaci? Tun ranar da kin tafi na kira 'ya'yana da guduma. Katafila na gwamnati ba zai taɓa abin da na gina ba. Yau muka kwashe ƙasa na ƙarshe." Ya yi tari, ƙura ce. "Na auna da safe. Casa'in ne daga sama har babban kwata. Ki gyara raga naki."

Na buɗe kwamfuta a kan tabarma. Ba ni da ofis yanzu, amma ragar tana hannuna. Na nemo ƙullin, na goge arba'in na rubuta casa'in, na aika wa Mista Tetteh da sunana ni kaɗai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni cikin iyalina lafiya. Na gode wa Sani da bai ce ai na gaya miki ba, da Mma Memuna da ta ciyar da wadda ta jawo mata jan fenti, da matan lungu masu tasa da ludayi. Godiya ta ƙarshe ta Baba Issaka ce, wanda yanzu yake kwana a barandar ɗansa yana da shekara saba'in da biyu, littattafan awonsa a cikin buhun shinkafa a ƙarƙashin kansa.